Kunnen da Ya Riƙe Iyakar Kwarin Baure

Ni na fara gani. A rubuta wannan a sama kafin komai. Kafin Dagaci ya gani, kafin liman ya gani, kafin waɗanda za a zare wa ƙasa daga ƙarƙashin ƙafa su ji ko ƙaiƙayi, ni Buraima ɗan Kwarin Baure na gani, alhali ina Riyad, tsakanina da gida akwai teku da hamada. Ban taɓa zama a aji ba. Har gobe in kuka rubuta sunana a bango, sai in yi masa sallama in wuce. Amma karatu daban, ido daban.

Ku 'yan waya da kuke ta turo saƙo wai tsoho ya cika baki, ku gyara zama. Yau akwai abin da zan amayar, wanda na haɗiye shekara arba'in.

A 1985 aikina riƙe sanda ne a wani kamfanin awon ƙasa. Masu awo su kafa na'urarsu mai ƙafa uku suna leƙawa, ni kuma ina can nesa cikin rana da doguwar sanda mai zanen ja da fari. A kaɗa mini hannu in matsa dama, a kaɗa in matsa hagu. Inda aka ce “halas”, wato ya isa, nan za a dasa turken siminti. Shekara huɗu ina wannan. Akwai wani wuri a bayan gari da wasu makiyaya suka taɓa ba ni nonon raƙumi a kwano. Mu muka dasa turaku a wurin. Da na koma bayan shekara biyu, gidan mai na tarar. Tun ranar na san turken siminti ba ya zuwa shi kaɗai.

Wanda ya samo mini aikin shi ne Injiniya Dalhatu, mutumin birnin da ƙauyenmu yake ƙarƙashinsa. Ni ina unguwar Manfuha, mu tara a ɗaki biyu. Shi yana Nasiriyya, gida mai katanga fara da dabino uku a tsakar gida. Duk Juma'a in an sauko ina zuwa in gyara masa shukoki, a ba ni tuwo. Tuwon nan shi ya fara jawo ni. Daga baya hannun da ke turo tiren ne.

Ƙanwarsa ce, Malama Biba. Malamar firamare ce a gida, mijinta ya rasu, sai yayanta ya ɗauko ta ta koyar da 'ya'yansa, don Larabci ya cinye musu Hausa har ba sa iya gaida kakarsu. Shekara guda ban san fuskarta ba. Abin da na sani hannu ne mai jan lalle da zoben azurfa ɗaya, da bakin zanen atamfa mai ruwan ganye yana leƙowa ta ƙarƙashin baƙar abaya, da murya daga bayan ƙofa: “Malam Buraima, a ci da haƙuri, yau kukar ta ƙare.” Ni kuwa ko ruwan zafi ta turo zan sha in yi godiya.

Wata Juma'a Injiniya ya kira ni falo in taya shi jan tebur. Ya shimfiɗa wata ƙatuwar takarda, ya danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Rubutun da ke kai bai dame ni ba. Wani shuɗin layi ne ya kama mini ido: ya gangaro, ya lanƙwashe kamar ƙafar jaki ta baya, sannan ya rabu biyu.

Na ce, “Ranka ya daɗe, wannan ai rafin Baure ne.”

Ya ɗago kai. “Kai da ba ka karatu?”

“Ga inda mata ke wanki. Ga inda ya rabu, wurin da muke kamun tarwaɗa.”

Ya yi dariya har da buga tebur. “Lallai sanda ta koya maka abu. Gonar abokina ce, Alhaji Maikuɗi. Noman zamani zai yi, ya ce in duba masa awon. Daji ne da ba mai shi. Har makaranta zai gina muku.”

Na bi jan layin da ya zagaye shuɗin. Daga gindin tsauni har tsamiyar mahauta. Fadamarmu ce gaba ɗaya, ba a bar ko wurin ɗaure akuya ba.

Nan take na tuna kaset ɗin da Baffana ya aiko mini wata biyu da suka wuce. Mu da ba ma rubutu, kaset ne wasiƙarmu, masu Umara ke kawowa. A tsakanin gaisuwa da labarin akuyar da ta haifi uku, Baffa ya ce cikin murna, “An zo an dangwala mana hannu, za a yi mana makaranta. Har sun dasa 'yan duwatsun siminti, muna zama a kai da hantsi.” Shekara ashirin garinmu na roƙon makaranta. Duk wanda ya zo da kalmar nan a bakinsa, ko yatsa goma ya nema za a miƙa masa. Ga shi fari ya kori rabin gari cin rani a shekarar da ta gabata, fadama ta kwanta ba shuka. Wanda ya zo da mota ya leƙa, sai ya ce daji.

Kun san ni da baki. Amma ranar na dubi Injiniya na ce, “Allah ya saka wa Alhaji da alheri.” Na fita na ci gaba da ban ruwa.

Bari in gaya muku wani abu game da mu. Mu ne 'yan asalin kwarin nan, tun kafin a kafa birnin da ke mulkinmu. Kakanninmu ba su da takarda, amma ba wawaye ba ne. In dutsen niƙan wata babbar uwa ya cinye har ya huje, ba a yar da shi. A kai shi bakin iyaka a binne, ya ci sunanta. Guda bakwai ne suka zagaye fadama. Kuma duk bayan shekaru, Sarkin Noma yakan ɗauki yara biyu ya zaga da su, a kan kowane dutse ya murɗe musu kunne har sai sun yi kuka, don kada su manta. A zagayen ƙarshe ni ne da wani ɗan'uwana. Sanƙarau ya ɗauke shi. Sarkin Noma ya rasu. Saura ni. Ku duba hotona, kunnen hagu ya fi na dama faɗi. Ba haihuwa ba ce.

Wato takardar garinmu tana Manfuha tana cin burodi da wake, fasfonta kuma yana cikin durowar kafil, Balaraben da ya tsaya mini na shigo ƙasar. Saura wata goma sha huɗu a kwantiragina. Washegari na je na roƙi manaja hutu. Ko kallona bai yi ba, ya ce, “Bayan shekara.”

Ranar Lahadi bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida, sai mai kantin unguwarmu, wani Bayamane, mutumin ƙasar Yaman, ya leƙo. “Ya Ibrahim, talho.” Haka Larabawa ke kirana. Wayar kantinsa ce wayar duk 'yan layinmu. Na ɗauka a tsakanin buhunan shinkafa.

“Malam Buraima, kana jina?”

Muryar Malama Biba ce. “Ina ji, Malama.”

“Na ji abin da ka ce wa Yaya. Na kuma ji yadda ka ce Allah ya saka da alheri. Ba haka kake godiya ba in ka ci tuwo.”

Ta ci gaba:

“Zanen nan da wasiƙa ya zo, na karanta. Kwamitin filaye zai zauna nan da kwana ashirin. In ba wanda ya zo ya ce ƙasar tana da masu ita, za a buga hatimi. An manna sanarwa a sakatariya.”

“A garinmu wa zai karanta?”

“Shi ya sa aka manna ta a can.”

Na gaya mata labarin duwatsu, da kunnena, da amsar manaja. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce, “Alhajin zai iso ranar Juma'a daga Umara. Ba don zane kaɗai ba. Ni yake nema. Yaya ya amince, Inna ta aiko wasiƙa uku, wai bazawara ba ta tsayawa zaɓe.”

Mutum ɗaya, fadama da hannun lalle duka. Na ce, “Allah ya sa alheri.”

“Ga shi ka sake irin godiyar nan. Malam Buraima, me zai sa Yaya ya sa a fitar da kai daga ƙasar nan cikin mako guda?”

“In na yi sata.”

“Ban ce a yanke maka hannu ba.”

“In na fasa na'ura.”

“Sai su ƙara riƙe ka.”

“To ban sani ba.”

“Ka nemi aurena. Ranar Juma'a, a gaban baƙonsa.”

Bayamanen yana auna wa wata mata sukari yana satar kallona. Na juya masa baya. Na ce, “Malama, da gaske ko da wasa?”

“Kai dai ka nema. Yaya ba zai tsaya tambayarka wannan ba. Amma ka ji: ko sau ɗaya ka ambaci fadama, ya gane, zai riƙe ka nan har a gama. Za ka iya kama bakinka?”

“Ni?”

“Kai fa. Shi ya sa na tambaya.”

To ga abin da na haɗiye. Shekara arba'in ina faɗa a majalisa cewa dabarata ce. Ba tawa ba ce. Na faɗa, ya wuce, kada wanda ya sake tayar mini da shi.

La'asar uku a jere tana kirana a kantin nan. Ina jero mata duwatsu tana rubutawa: na Inna Tabawa, taku arba'in daga gindin kuka ta gabas, na Gwamma, a bakin tsohuwar rijiya, haka har bakwai. Ta mayar da su takardar ƙorafi da irin Turancin da ofis ke jin tsoro. Bayamanen ya ce in na ƙara kwana ɗaya zai fara sayar mini da kujera.

Ranar Alhamis na shiga kasuwar Bataha na sayi shadda ruwan sararin sama ɗinkakkiya, da hula zanna, da turare ɗan ƙaramin kwalba. Abokan ɗakina suka zagaye ni. Wani Bamaraɗe a cikinsu ya ce, “Buraima, ko kafil ne ya mutu ya bar maka gado?” Na ce, “Gobe za ku ji.”

Juma'a na tarar da falon Injiniya ya cika. An shimfiɗa ledar cin abinci a kan kafet, shinkafa da rago a babban faranti, ga tuwo miyar kuka a gefe don baƙo. Alhaji Maikuɗi yana kan kujerar tsakiya, babbar riga fara mai aiki har gwiwa, agogon zinare, carbi mai ƙamshi, kai a aske sabo daga Umara. Ba mummuna ba ne, kada in yi masa ƙarya. Irin mutanen nan ne masu taushin murya da in sun cuce ka sai ka ji kamar kai ne ka yi laifi.

Na yi sallama, ban tsaya a bakin ƙofa inda na saba ba. Na taka har tsakiya na durƙusa.

Alhaji ya ce, “Wannan fa?”

Injiniya ya ce, “Mai riƙe mana sanda ne. Buraima, lafiya ka sha ado haka?”

“Ranka ya daɗe, alheri ne ya kawo ni. Na ga yau gida da manya, na ce gara a yi a gaban shaidu. Ina neman auren Malama Biba.”

Cokali ya faɗi a wani wuri. Wani baƙo ya ƙware da ruwa.

Alhaji ne ya fara magana, yana murmushi. “Samari, ka san alif?”

“Ban san shi ba, Alhaji. Shi ma bai san ni ba, ba mu taɓa faɗa ba.”

“To ina za ka ajiye malama guda?”

“A garinmu. Kwarin Baure.”

Ya dubi Injiniya, ya dube ni, ya ja carbinsa. “Kwarin Baure. To ka hanzarta.”

Jama'a, na sha rana a hamada har fatar wuyana ta saɓule, na kwana uku a rijiya da ta rufta da ni ina saurayi, amma ban taɓa shan wuya irin ta wannan lokacin ba. Magana ta taho har haƙorana, duwatsu bakwai da sunayensu. Na kama kunnena na hagu na murɗe shi da kaina. Na ce, “In Allah ya so, Alhaji.”

Injiniya ya miƙe. Fuskarsa ta yi baƙi. “Ka ci tuwon gidana shekara huɗu, ashe ido kake zubawa. A gaban baƙona?” Ya juya wajen labule. “Biba. Kin san da wannan?”

Muryarta ta fito a natse. “Yaya, ni dai na ji mutum ya yi tambaya cikin ladabi. A ba shi amsa mana.”

“Zai samu amsa.”

Na samu kuwa. Asabar Injiniya ya shiga ofishin manaja. Laraba aka miƙo mini fasfona da hatimin fita ba dawowa. Manajan da ya ce bayan shekara, shi ya sa direba ya kai ni filin jirgi. Aikin da dangi ke ci daga gare shi ya tafi, Riyad kuma ban ƙara ganinta ba sai a talabijin. Da na je ɗaukar almakashin shukata a Nasiriyya, ba a bar ni na wuce ƙofa ba. Hannun nan mai lalle ya turo tire na ƙarshe. Babu tuwo. A ƙarƙashin faifai akwai takarda a ninke da kaset ɗaya.

“Kada ka saurara sai ka tono su,” in ji ta.

Na isa gida saura kwana huɗu. Ranar zama muka cika akori-kura biyu muka tafi sakatariya. Shugaban kwamitin wani dattijo ne mai tabarau ɗaure da zare. Wakilin Alhaji ya tashi ya ce daji ne, kuma ga yatsun mutanen gari sun yarda. Na miƙa takardar Malama. Da aka karanta ta tare da ta Alhaji, aka fassara, sannan mutanenmu suka ji a karon farko abin da suka dangwala wa hannu. Baffa ya ɗaga babban yatsansa yana kallo kamar ba nasa ba.

Dattijon ya ce, “Takarda ta ce daji, takarda ta ce gona. Ni ba zan raba faɗan takardu ba. Wanda ya ce akwai dutse, ya nuna mini dutse.”

Washegari da hantsi gari duka ya fito, har da na goye. Na tsaya a gindin kuka, na fuskanci gabas, na ƙirga taku arba'in da ƙarfi kowa na ji. Na ce, “Nan.” Aka sa fartanya. Kamu ɗaya, kamu biyu, har ƙugu. Ƙasa ce kawai.

Wakilin Alhaji ya ce, “Ko dutsen ma ya tafi cin rani ne?” Mutanensa suka kwashe da dariya. Baffa ya matso ya ce a hankali, “Buraima, in ka manta ka faɗa, kada a tona gari duka.”

Ban manta ba. Na san ban manta ba. Na tsaya na kama kunnena ina kallon ramin, ina kallon kukar, sai na ga ta yi mini nisa fiye da yadda na santa. A nan abin ya faɗo mini. Ranar da na ƙirga arba'in ɗin nan shekarata bakwai. Da ƙafar ɗan shekara bakwai na auna, yau na zo da ƙafar ƙato.

Na koma gindin kuka. Na tattare shaddata ta Riyad, na fara tafiya ƙanana-ƙanana, kamar amarya za ta gidan miji. Ƙato da gemu. Dariya har da mutanenmu, wata gwaggona ta rufe fuska da zane. Ban kula ba. Talatin da takwas, talatin da tara, arba'in. Na karɓi fartanya da hannuna.

A sara na shida ƙarfe ya yi ƙara.

Muka share ƙasa. Ga shi kwance, baƙi, santsi, da huji a tsakiya inda hannun mace ya cinye shi. Na ce, “Inna Tabawa ke nan. Ku gaishe ta.” Ba wanda ya yi dariya. Tsofaffin mata suka durƙusa suna shafa shi.

A na uku dattijon ya cire tabarau ya ce ya isa. Na ce, “Ranka ya daɗe, aikina na bari a kan bakwai, ba a kan uku ba.” Sai da ya bi ni har tsamiyar mahauta, rana ta take. Ba a buga hatimin nan ba. Turakun siminti kuwa muka tumɓuke, suna nan mata na ɗora tukunya a kai.

Da la'asar na shiga ɗakin Baffa na tura ƙyaure, na sa kaset. Ya daɗe yana huci kafin muryar ta fito.

“Malam Buraima, ka tambaye ni da gaske ko da wasa. In kana jin wannan, ka tono su ke nan. Saura abu ɗaya. An yaudare ku da makaranta saboda ba ku da ita, kuma kunne ba ya gado. Ku gina aji, ko na zana ne, a inda kuka zaɓa da kanku. Malama ba ta tarewa a garin da babu makaranta.”

Sau tara na mayar da shi baya.

A kan tudun tsakuwa da ke bayan tsauni muka gina, inda ko ƙaya ba ta fitowa. Ɗaki biyu na ƙasa, ni na haƙa harsashi. Bayan wata goma sha ɗaya mota ta tsaya a gindin kuka, aka sauke akwati ɗaya da allo baƙi. Sai ranar na ga fuskar da ke da hannun. Injiniya ya yi shekara shida ba ya amsa sallamata, daga baya shi ya aiko da kwanon rufi. Darasin farko da ta koyar a ajin nan sunayen duwatsu bakwai ne, a rubuce, ba a taɓa kunnen kowa ba. Ita ce take buga muku wannan a waya yanzu, tana hararata ta saman tabarau wai in rage ƙari. Ban ƙara komai ba. Dabara tata ce, na riga na faɗa. Amma gani, ni na fara.

Wanda ya ce tatsuniya ce, mota na zuwa Kwarin Baure ranar kasuwa. Ya zo da fartanyarsa, kada ya ari tawa. Ya tsaya a gindin kuka ya fuskanci gabas, ya yi taku arba'in irin na ɗan shekara bakwai, mu kuma mu fito mu yi kallo. In bai ji ƙarfe ya yi ƙara ba, ga kunnena na dama nan, ba a taɓa murɗa shi ba. Ya zo ya murɗe.